A Binne Bututun Teku ko a Bar Shi a Fili? Ya Danganta da Wanda Zai Motsa

Duk wanda aka ɗora wa aikin shimfiɗa bututun mai ko na gas a ƙarƙashin teku, akwai tambayar da ba ya tsallakewa: a haƙa rami a binne shi, ko a kwantar da shi a kan daben teku a bar shi a fili? Da jin tambayar, hankali yakan karkata ga binnewa. Abin da ƙasa ta rufe ai ya tsira daga igiyar ruwa, da komar manyan jiragen kamun kifi, da ankar jirgi. Akwai gaskiya a nan, amma rabinta ce. Ƙasar da ta rungume bututu ta hana shi motsi, ita ce dai za ta ja shi ta tafi da shi ranar da ita kanta ta motsa. Saboda haka kafin a zauna lissafin kuɗin haƙa, sai an amsa wata tambaya da ta riga shi: a wannan wurin, wa ake tsoron ya motsa, bututun ne ko ƙasar?

Mu fara da bututun. Man da ke fitowa daga rijiya da zafinsa yake zuwa, wani lokaci ya haura digiri 100, alhali ruwan can ƙasan teku mai zurfi yana wajen digiri 4. Ƙarfe kuwa in ya ji zafi miƙewa yake yi. Kilomita ɗaya na bututun ƙarfe, in zafinsa ya ƙaru da digiri 100, zai so ya ƙara tsawo da kusan mita 1.2. In aka hana shi, tsawon nan ba ɓacewa yake ba, komawa yake matsi a cikin jikin ƙarfen. A bututu mai faɗin inci 12 da kaurin bango milimita 20, matsin yakan kai wajen tan 470, tun ba a sa na man da ke tunkuɗa daga ciki ba. Siririyar sanda in ka danne ta daga bakin nan da bakin can, ka san abin da take yi: takan nemi gefen da ba tsaro ta lanƙwashe. Bututu mai tsawon kilomita ashirin kuwa, in aka gwada tsawonsa da faɗinsa, ya fi kowace sanda sirantaka.

Mai binnewa cewa yake yi: zan riƙe shi gam, ba zai motsa ba ko kaɗan. Mai barinsa a fili cewa yake yi: tun da sai ya motsa, bari in zaɓar masa inda zai motsa da yadda zai motsa. Kowanne da abin da yake nema daga ƙasa, kuma bukatun nasu kishiyar juna ne. Na farko yana son ƙasa mai ƙarfi, na biyu yana son wadda za ta ba da hanya.

Bututun da ke kwance cikin rami, ƙasa ta tokare shi dama da hagu, ta tokare shi daga ƙasa. Ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa ita ce ta sama, inda cikon da aka zuba ne kawai a kansa. Shi ya sa cutar bututun binne ita ce gantsarewa: ya samu ɗan tudu a cikin ramin, ya ɗaga bayansa a nan, ya keto ciko ya fito fili kamar baka. An ga haka a ɓangaren Denmak na Tekun Arewa a 1986, kuma daga nan ne aka ɗauki lissafin nauyin ciko da muhimmanci. Amma kada a ɗauka gefe a rufe yake har abada. A watan Janairun 2000, a mashigin ruwan Gwanabara da ke Riyo de Janero a Burazil, wani bututu mai ɗauke da mai mai zafi daga matata ya fashe, lita miliyan 1.3 ta malala cikin ruwa. Bututun a cikin laka mai taushi yake, wani sashensa ya rasa rufin ƙasar da ke kansa. Duk miƙewar da sauran sassan da ke riƙe suka kasa yi, sai ta taru a wannan wuri guda. Bututun ya yi kwana zuwa gefe kamar maciji, ana ɗumama shi yana hucewa, har ƙarfen ya gaji ya tsage. Abin lura shi ne, bututun da aka binne rabi da rabi yakan fi wanda ba a binne ba sam haɗari, domin wanda ke fili yana raba lanƙwasarsa wuri-wuri, wannan kuwa wuri ɗaya ya zuba ta.

To nawa ne ƙarfin da ƙasa ke tokare bututu da shi idan ya tunkuɗa ta gefe? A nan ne maganar ta yi kauri, kuma a nan ne ya kamata mai zaɓi ya ɓata lokaci.

A cikin yashi, in binnewar ba ta yi zurfi ba, bututun da ke tafiya gefe yakan ɗago wani yanki na yashi a gabansa, mai kama da bakin gatari, ya tura shi sama har daben teku ya kumbura, a bayansa kuma yashi ya rufta cikin gurbin da ya bari. Bututun kansa ba ya tafiya a miƙe. Yana turawa yana ɗan hawa, domin sama ce hanya mai sauƙi. In binnewar ta yi zurfi sosai, yashin ba ya iya kaiwa sama, sai ya zagaya bututun daga gaba ya koma baya, saman kuwa ko gezau. Tun 1977 masu bincike Audibert da Nyman suka gwada wannan da bututai a cikin akwatin yashi, sannan Trautmann da O'Rourke suka maimaita da manyan gwaje-gwaje a Jami'ar Cornell ta Amurka, suka wallafa a 1985. Abin da suka gani ya cancanci a riƙe. Yashi mai daddaɓewa yana kai ƙarshen ƙarfinsa da wuri, bayan bututu ya gusa da kimanin kashi 3 cikin 100 na zurfin binnewar, daga nan kuma ƙarfin ya sauka. Yashi sako-sako kuwa sai an tura shi wajen kashi 13 cikin 100 kafin ya kai iyakarsa, kuma iyakar tasa ƙasa take da ta mai daddaɓewa nesa ba kusa ba. Sun kuma lura cewa tsohon lissafin Brinch Hansen na 1961, wanda asalinsa don turakun gini aka yi shi, yana ba da ƙarfin da ya zarce wanda aka auna, saboda ya ɗauka bututu ba ya hawa. Har yau ana amfani da lissafin nan a wasu ƙa'idoji, don haka injiniyoyi biyu za su iya duba yashi ɗaya su fito da amsoshi biyu masu nisa da juna, kuma kowanne da littafinsa a hannu.

Ruwa ya ƙara wa al'amarin wata sarƙaƙiya. Yashi mai daddaɓewa in aka murɗa shi, ƙwayoyinsa sai sun hau kan juna, wato sai ya kumbura. A tudu iska ce ke cike giɓin nan take. A ƙarƙashin teku ruwa ne zai shiga, ruwa kuwa yana bukatar lokaci. In motsin ya zo da sauri, ruwan bai samu shiga ba, sai wani tsotso ya samu a tsakanin ƙwayoyin ya manne su, yashin ya zama kamar dutse na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa taka jiƙaƙƙen yashi a bakin ruwa ya ga ya bushe kewaye da ƙafarsa, abin nan ya gani. Ga bututun da zafi ke turawa a hankali, wannan bai dame shi ba. Ga wanda girgizar ƙasa ta fizga cikin daƙiƙoƙi, ƙarfin da ke kansa zai iya ninka wanda aka lissafa da busasshen yashi. Yashi sako-sako kuma akasin haka yake yi: girgiza ko bugun igiyar ruwa yakan matse shi, ruwan cikinsa ya ɗauke nauyin, yashin ya narke ya zama ruwa-ruwa. Bututun gas da ya fi wannan narkakken yashi sauƙi sai ya taso sama, binnewar ta tashi a banza.

Laka ta fi sauƙin lissafi a takarda. Randolph da Houlsby sun nuna a 1984 cewa abu mai zagaye da ke ratsa laka can ciki yana fuskantar matsin da ya ninka ƙarfin lakar sau 9.14 in jikinsa santsi ne, sau 11.94 in kaushi ne. Kusa da sama adadin yakan ragu sosai. Mu ɗauki bututu mai faɗin santimita 40, mu ce ninkin 10 ne. A laka mai taushi ƙwarai, mai ƙarfin kilofaskal 5 (ma'aunin matsi ne, da shi ake auna ƙarfin ƙasa), kowace mita ta bututun za ta ji kimanin tan 2. A laka mai tauri, mai kilofaskal 50, tan 20 ne a kowace mita. Kwatanta da bututun da ke kwance a fili, wanda nauyinsa a cikin ruwa kilo 100 ne a mita: abin da ke riƙe shi daga zamewa gefe yana kusa da nauyin nan nasa ne, ko ƙasa da haka. Tazarar ke nan tsakanin zaɓin biyu, ninki ashirin zuwa ɗari biyu. In bututun ne ke son motsi, tan 20 ɗin nan alheri ne. In ƙasar ce ta taso, tan 20 a kowace mita, a faɗin mita ɗari, tan dubu biyu ke nan a kan ƙarfen da walda ta haɗa.

Akwai kuma abin da lissafin takarda ke yawan mantawa: bututun binne ba a cikin ƙasar asali yake ba, a cikin ciko yake, cikon kuma ya danganta da yadda aka haƙa ramin. In da ruwa mai ƙarfi aka feso ƙasa ta narke bututun ya nutse, abin da ke komawa kansa a laka taɓo ne tsululu, wanda zai ɗauki watanni ko shekaru kafin ya kama jikinsa. In garma aka ja, cikon ɓarɓashi ne da dunƙule-dunƙule, da ramuka a tsakani. In tsakuwa aka zuba daga jirgi ta dogon mazurari, an san nauyinta, an san ƙarfinta tun ranar farko, sai dai tsada. Gwaje-gwajen da aka yi a cibiyar C-CORE da ke Niyufanlan a Kanada sun nuna yadda tafiyar take a rami mai ciko mai taushi: bututu ya ratsa cikon kusan ba tare da turjiya ba, sai ya iso bangon ramin ƙarfin ya tashi. Wato faɗin rami ma zaɓi ne. Rami mai faɗi, mai bango a kishingiɗe, da ciko mai taushi, yana ba bututu filin gudu. Ƙuntataccen rami a ƙasa mai tauri kamar matsefi yake. Wani abin mamaki da gwaje-gwajen suka fito da shi shi ne, a laka mai taushi, turawa a hankali takan haɗu da turjiya fiye da turawa da sauri, domin lakar da ke gaban bututu tana samun lokacin tsiyayar da ruwanta ta yi tauri. Gangaren da ke zamewa santimita kaɗan a shekara bai kamata a raina shi ba.

Yanzu ga ɗaya zaɓin. Bututun da aka kwantar a fili ba a kan faranti yake ba. Lokacin shimfiɗawa, jirgi na sama yana rawa da igiyar ruwa, bututun yana dukan ƙasa a inda ya sauka, sai ya ɗan nutse, a laka mai taushi har rabin jikinsa ko fiye. Ranar da aka fara tura mai mai zafi, sai ya fara ɓalle kansa daga wannan gurbi, kuma turjiyar farko ita ce mafi girma, don lakar da ke bayansa tana tsotse shi. Da ya ɓalle sai ya tafi yana share ƙasa a gabansa, yana tara kunya kamar garma. Bututu mara nauyi yakan hau sama ya tafi da 'yar ƙaramar kunya. Mai nauyi yakan yi ta nutsewa yana tafiya, kunyar tana girma, turjiyar tana ƙaruwa. In aka kashe rijiya ya huce, sai ya dawo baya, amma ba ya kaiwa inda ya taso, kuma ya bar kunyar a can. Zagaye na gaba ya sake sharo wata ƙasar ya kai mata. Bayan kunnawa da kashewa ɗari, bututun yana kai-komo ne a cikin wani kwari da ya haƙa wa kansa, da tudu dama da hagu. Tafiyar gefen takan kai ninkin faɗinsa sau goma ko ashirin.

Wannan ba laifi ba ne in an shirya masa. Dabarar ita ce a sa bututun ya lanƙwashe a wurare da yawa, kowanne kaɗan-kaɗan, maimakon wuri ɗaya ya kwashe duka. Hanyoyin da aka saba guda uku ne. Ana shimfiɗa shi a karkace tun farko, yana kwana dama yana kwana hagu. Ana gitta masa wani guntun babban bututu a ƙarƙashi kamar matashi, ya ɗaga shi daga ƙasa a wurin, ya zame a kan ƙarfe maimakon laka. Ko kuma a ɗaura masa kumfar roba a wani sashe don ya yi sauƙi a ruwa. Haɗakar binciken da kamfanonin mai suka kafa da sunan SAFEBUCK a 2002 ita ta tattara yawancin ilimin wannan fanni, hukumar DNV ta Norwe, mai tsara ƙa'idojin aikin teku, kuma tana da ƙa'idar F110 kan lanƙwasar bututu da F114 kan mu'amalarsa da ƙasa. A ruwa mai zurfin mita dubu ko fiye, inda ba koma, ba anka, igiyar sama ba ta isa ba, haƙa kuma tsada ce tsagwaronta, wannan hanya ita ta zama ruwan dare, kuma a ganina da hujja. Bututu mai zafi ƙwarai zai bukaci ciko mai yawan gaske kafin a riƙe shi, kuma kuskure a wuri ɗaya ya isa.

Farashinta dai shi ne rashin tabbas. Ba wanda zai rantse cewa kwanar da aka tsara a wuri kaza za ta fito a can. Wata takan ƙi fitowa, maƙwabciyarta ta ɗauki kaso biyu. Kowace kunnawa da kashewa tana cin wani abu daga rayuwar waldar da ke kan kwanar. Gajeren bututu kuma yakan yi wata tafiyar ta tsawo, ya riƙa jan jiki kaɗan-kaɗan zuwa gefe ɗaya a kowane zagaye, musamman a gangare, har ya matse mahaɗin da ke ƙarshensa, sai an kafa masa turke. Ga sanyi: bututun fili yana saurin hucewa, mai mai kaki ya daskare, gas mai ruwa ya yi ƙanƙarar da ke toshe hanya, don haka sai an yi masa riga mai kauri. Ƙasa kuwa bargo ce ta kyauta. Sai dai bargon nan ma da nasa: bututun da ya riƙe zafinsa har ƙarshe, matsin da ke cikinsa ma har ƙarshe yake.

Duk abin da ya gabata a kan bututun da ke motsi ne. In kiɗa ya sauya, ƙasa ce ke tafiya, rawa ma sai ta sauya.

Misali mafi bayyana ba a teku yake ba, amma ya dace. Babban bututun man Alaska yana ƙetare tsagin ƙasa na Denali, wato layin da ɓangarori biyu na ƙasa ke gocewa idan an yi girgizar ƙasa. Masu gininsa a shekarun 1970 ba su binne shi a wurin ba. Sun ɗora shi a kan takalma masu santsi da ke zamewa bisa dogayen ƙarafa kwance. A ranar 3 ga Nuwamban 2002 girgizar ƙasa mai maki 7.9 ta zo, ƙasa ta goce wajen mita 4 zuwa gefe a daidai wurin, bututun ya zame ya bi, ko ɗigon mai bai zuba ba. Da a ce a cikin daskararriyar ƙasa aka matse shi, gocewar nan a cikin 'yan mitoci za ta taru. Ƙa'idar ɗaya ce a ƙarƙashin ruwa: a inda tsagi yake, ana son bututu ya samu dogon zango da zai raba lanƙwasa da miƙewa, wato a bar shi a fili, ko a sa shi a rami mara zurfi, mai faɗi, da ciko sako-sako, a ƙara kaurin bango, a kuma ƙetare tsagin ta kusurwar da za ta ja bututun maimakon ta dunƙule shi, domin ƙarfe ya fi jure ja a kan matsi. Dokar Amurka ma ta san da haka. Ta ce bututun da ya wuce inci 8 da ɗoriya, a ruwan da bai kai zurfin ƙafa 200 ba, a binne shi aƙalla ƙafa 3, amma ta cire wuraren da ake yawan girgizar ƙasa daga wannan sharaɗi.

Zaftarewar laka ta fi wuyar sha'ani, don babu amsa ɗaya. A bakin kogin Misisifi, inda laka ke taruwa da sauri ba ta gama kama jiki ba, guguwar Ivan ta 2004 ta tayar da igiyoyin da suka motsa daben teku, laka ta zaftare ta lalata bututai. In zaftarewar ta sama-sama ce, mita ɗaya ko biyu, binnewa a ƙarƙashinta kariya ce, abin ya wuce ta kai. In kuwa layin da ƙasar ke zamewa a kansa yana can mita goma ko ashirin a ƙasa, ba garmar da za ta kai can, kuma binnewa mita biyu ɗaure bututun ne a bayan abin da zai gudu. A irin wannan wuri gardamar a binne ko kada a binne ɓata baki ce. A sauya hanya, ko in ba makawa a bi gangaren a tsaye maimakon a gitta shi, don ƙasa ta goge jikin bututun ta tsawo, kada ta buge shi a ƙirji.

Ƙanƙara ce kaɗai inda ƙasa ke motsi amma binnewa ta zama dole. A Tekun Bofot na arewacin Alaska, da gaɓar Sakalin ta Rasha, da arewacin Tekun Kasfiyan, gindin tulin ƙanƙara yakan taɓa ƙasa, iska da ruwa na tura shi, ya yi ta kartar daben teku kamar garma. Ba bututun da zai tsaya a gabansa. Amma sauka ƙasa da zurfin kartar kaɗai bai wadatar ba, domin ƙasar da ke ƙarƙashin kartar ita ma ana jan ta gaba, jan yana raguwa ne da zurfi. Bututun da ke wannan tsakiya ƙanƙara ba ta taɓa shi ba, amma ƙasa ta lanƙwasa shi. Bututun Northstar, wanda aka shimfiɗa a Tekun Bofot a 2000, an rufe shi da ƙasa kimanin mita 2, ƙasa da inda ake sa ran karta za ta kai, aka kuma tsara ƙarfensa ya iya lanƙwasa ya wuce iyakar dawowa ba tare da ya tsage ba. A nan kowane ƙarin rabin mita kuɗi ne mai yawa, kuma ciko mai taushi ya fi tsakuwa amfani ta wannan fuska, ko da yake zafi yana neman akasin haka. Bukatu biyu a rami ɗaya, sai an sasanta.

Barazanar mutane ba ta bukatar dogon bayani. Ƙaramin bututu a wurin da ake jan koma a ƙasa, a binne shi. Babba mai rigar kankare yakan jure bugun, shi ya sa manyan layukan gas da yawa ke kwance a fili. Anka kuwa wani abu ne daban: a watan Oktoban 2023 ankar jirgi da aka ja a ƙasa ta fasa bututun gas na Balticconnector tsakanin Finlan da Estoniya. Ankar babban jirgi takan nutse mitoci a laka mai taushi, don haka rufin mita ɗaya rage haɗari yake yi, ba kawar da shi ba.

Akwai tarkon da nake ganin ya fi kowanne kama masu lissafi. A yawancin aikin gini, in ba ka tabbatar da ƙarfin ƙasa ba, sai ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka kwana lafiya. A nan wannan ɗabi'a takan kai mutum ga gudun gara ya faɗa gidan zago. Ga bututun binne da zafi ke turawa, ƙaramin adadi ne na taka-tsantsan. Ga wanda tsagi ko zaftarewa ko ƙanƙara za ta ja, babban adadi ne na taka-tsantsan, don ƙasa mai ƙarfi ita ke karya shi. Ga na fili kuwa duka biyun sai an duba: turjiya mai yawa tana matse kwana ta yi tsini, kaɗan kuma tana barin igiyar ruwa ta yi wasa da shi. Rahoton ƙasa da ya zo da lamba ɗaya tak bai gama aikinsa ba. A nemi ta ƙasa, da ta tsakiya, da ta sama, kuma a nemi awon mita ɗaya ko biyu na farko, wanda masu haƙar gwaji don kafa turaku sukan tsallake, alhali a nan bututu zai zauna.

Yadda za a yi lissafin ma zaɓi ne, kuma ya kamata ya bi girman haɗarin. Hanyar yau da kullum ita ce a ɗauki ƙasa kamar jerin sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo, da aka ɗaura wa bututu, wasu ta gefe, wasu ta sama da ƙasa, wasu ta tsawo, kowanne yana aikinsa bai san da ɗan'uwansa ba. Tana da sauri, ta isa ga layi mai tsawon kilomitoci a ƙasar da aka sani. Rauninta shi ne ƙasa ba haka take ba: bututun da ake matsawa ta gefe yana ƙara kamuwa ta tsawo, sifirin kuma bai san bangon rami ba, bai san kunya ba, sai an koya masa. A mahaɗar tsagi ko yankin ƙanƙara, ya dace a biya kuɗin cikakken kwaikwayo a kwamfuta, wanda ke bin ƙasar tana gudana kewaye da bututu, a kuma gwada shi da injin wulwulawa. Dabarar injin nan mai sauƙi ce: a ƙera samfuri da ya ƙanƙanta sau hamsin, a wulwula shi har nauyinsa ya ninka sau hamsin, sai ƙasar cikin akwatin ta ji matsin da ta gaske ke ji. Jami'ar Kambirij a Ingila, da Jami'ar Yammacin Ostareliya a Fat, da C-CORE, duk sun yi suna a wannan.

In ni aka tambaya, ga yadda zan raba. Ruwa mara zurfi, ƙasa tsayayya, zirga-zirgar jirage da masunta, zafi matsakaici: a binne, a kuma zuba tsakuwa a kan duk tudun da awon bayan haƙa ya nuna. Ruwa mai zurfi da mai mai zafi ƙwarai a kan laka: a bar shi a fili, a tsara masa kwanoni, a sa kuɗin dubawa na shekara-shekara a cikin kasafi tun farko. Ƙanƙara: a binne da zurfi, da ƙarfe mai jure lanƙwasa. Tsagi: a sassauta masa. Sai dai layi ɗaya yakan ratsa biyu ko uku daga cikin waɗannan, ya taso daga zurfi a fili, ya shiga rami da ya kusanto gaɓa. Wurin shigar nan, inda sashen da ke da 'yancin motsi ya haɗu da wanda aka riƙe, shi ne ya fi bukatar ido. A yi masa gangare mai tsawo, zurfin ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali, kada kwanar da aka tsara ta faɗo kusa da shi. Kuma tun da yashi yana ƙaura, rufin da aka auna mita ɗaya da rabi a shekarar shimfiɗawa zai iya zama rabin mita bayan guguwa biyu, sai an riƙa saukar da na'ura tana bin layin tana auna abin da ya rage a kansa.